Tasirin Yanayi ga Girman Kifi da Sarƙar Abinci a Tafki

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai yi bayanin yadda zafi da ƙarancin ruwan sama suke shafar girman kifi da tsarin cin abincin halittun tafki. Batu ne da ya shafi masuntan Birnin Kudu da Gwaram, inda tafkuna da fadamu suke cika da damina, su janye da rani.

2.0 Sarƙar Abinci

Sarƙar abinci ita ce yadda wata halitta take rayuwa a kan wata. A tafki, gansakuka ce tushe. Ƙananan ƙwarin ruwa da karfasa su ci gansakuka, kawara ta ci ƙwarin, tsage da giwan ruwa su ci kawara, sannan masunci ya kama su duka.

3.0 Zafi da Girman Kifi

Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki. Idan ruwa ya ɗumama, buƙatarsa ta abinci da iskar shaƙa takan ƙaru, alhali iskar raguwa take yi. Litar ruwa mai zafin digiri 20 takan riƙe kimanin miligiram 9 na iskar, amma a digiri 30 ba ta wuce 7.6 ba. Saboda haka kifi yakan girma da sauri, ya fara ƙwai da wuri, ya tsaya yana ƙarami. Manyan kifaye masu farauta su ne suka fi jin jiki.

4.0 Misalin Tafkin Cadi

A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Cadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin 1972 zuwa 1974 ya raba shi gida biyu. Giwan ruwa da tsage da kawara suka ragu ƙwarai, tarwaɗa da gaiwa masu shaƙar iska daga sama, tare da karfasa, suka mamaye ruwan. Wato ba girman kifi kaɗai yanayi yake sauyawa ba, har da wanda zai ci wani.

5.0 Kammalawa

Tafkin fadama da ke janyewa a watan Afrilu ƙaramin hoto ne na wannan al'amari. Idan kifi ya ƙanƙance, masunci yakan koma ga koma mai ƙananan idanu, ya kwashe 'ya'yan da za su hayayyafa baɗi. Ya kamata malami ya nuna wa ɗalibai wannan haɗari.

Auna Fahimta

1. Mece ce sarƙar abinci?
2. Me ya sa tarwaɗa ta fi giwan ruwa jure fari?
3. Tattaro sunayen kifaye 10 daga bakin masuntan yankinku, ka ware waɗanda suka ce sun yi wuyar samu.