Tukunyar Girki: Yadda Ake Zaɓenta Da Yadda Ake Kula Da Ita

Idan kaka ta yi a Yola ta ƙasar Ƙaraye, aka kai masara da dawa kasuwa, kuɗi suka shigo hannu, sai a shiga hidimar aure. Uwar amarya ta kwashi adashinta ta tafi sayen kayan ɗaki. Wata ta tsaya Ƙaraye, wata ta bi ta Rogo. Mai ƙarfi kuwa ta hau mota har Kano, Kasuwar Kurmi ko ta Sabon Gari.

A wajen sayayyar nan, yawanci hankali yana kan kwanukan jere, waɗanda 'yan ganin ɗaki za su yaba. Tukunya ita ake saye daga ƙarshe, da ɗan canjin da ya rage. Wannan kuskure ne. Kwanon jere yakan shekara ba a taɓa shi ba, sai dai a goge masa ƙura. Tukunya kuwa kullum tana kan murhu, safe da yamma. Abin da ya fito daga cikinta shi maigida zai ci, shi mai ciki za ta ci, shi za a bai wa yaron da aka yaye. Kuma tukunya takan saki ɗan abin da aka yi ta da shi a cikin abinci. Saboda haka ya kamata a san da me aka yi ta.

Tukunyar ƙasa

Ita ce ta iyaye da kakanni. Da yumɓu ake gina ta, a gasa ta a wuta.  Tana riƙe zafi, ba ta saurin ƙona miya, kuma tsofaffi har yau suna cewa miyar kuka ba ta daɗi kamar ta tukunyar ƙasa. Aibinta biyu ne, nauyi da fashewa.

Mai saye ta ɗaga tukunyar, ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. Idan ta yi ƙara rau, ta gasu sosai. Idan ƙarar ta mutu, to akwai tsagewa ko ba ta gasu ba. Sai kuma ta ɗaga ta wajen rana ta leƙa ciki, ko haske zai ɓullo ta wata kafa. Ta duba baki da gindi.

Sabuwar tukunyar ƙasa ba a fara ta da miya. A cika ta da ruwa ta kwana. Kashegari a dafa ruwan dusa ko ruwan kunu a ciki da ƙaramar wuta, don ya toshe ƙananan ƙofofin yumɓun. Kada a zuba ruwan sanyi a tukunyar da ta yi zafi, nan take za ta tsage. Kada kuma a jiƙa ta da garin sabulu, domin yumɓu yana shan sabulun, gobe ya mayar da shi cikin miya. Ruwan zafi da soso sun isa.

Tukunyar alminiyum ta maƙera

Wannan ita ta cika gidaje yanzu, daga 'yar ƙarama ta miya har babbar ta tuwon biki. Ba ta fashewa, tana saurin tafasa, tana rage cin itace, ga ta da araha. Amma a nan ne ya kamata mai karatu ya natsu.

Maƙeri ba ya samun sabon alminiyum. Abin da 'yan gwangwan suka tsinto shi yake saye: gwangwanayen lemo, tsoffin tukwane, kayan injin mota da na babur, lagireto, da sauran tarkace. Ya narka su gaba ɗaya, ya zuba a zubin yashi, tukunya ta fito. Matsalar ita ce wasu daga cikin tarkacen nan suna ɗauke da dalma. Idan ta narke ta shiga jikin tukunyar, ba mai iya ganinta.

Dalma guba ce. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma tafasa ba ta kashe ta. Tana taruwa a jiki kaɗan-kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma, komai ƙanƙantarsa, da aka san ba ya cutarwa. Ƙananan yara ta fi yi wa illa, domin ƙwaƙwalwarsu tana cikin girma. Tana rage kaifin basira, yaro ya zauna a aji ko gaban allo abu ya ƙi shiga. Tana kawo ƙarancin jini da ciwon ciki. Daga jikin mai ciki tana ratsawa zuwa ga ɗan da ke cikinta.

Mutanen Arewa sun ga aikin dalma da idonsu. A shekarar 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara sama da 400 suka rasu. Can ba tukunya ce ta jawo ba. Dutsen zinariya mai dalma aka riƙa dakawa da niƙawa a cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannun yara. Abin da tukunya ke saki bai kai wannan ba ko kusa, kada a tsorata fiye da kima. Amma gubar ɗaya ce, ta tukunya a hankali take aiki, ba a ankara.

Masana sun gwada irin waɗannan tukwane. A 2014 an fitar da sakamakon wani bincike a kan tukwanen maƙeran Kamaru, maƙwabciyarmu. An tafasa ruwa mai tsami a cikinsu, aka auna, aka sami dalma ta fito. A 2017 aka sake gwada tukwane 42 daga ƙasashe 10. Wajen kashi ɗaya cikin uku sun saki dalma da za a lura da ita, kuma kusan dukkansu sun saki alminiyum fiye da yadda ake so. Wato ba kowace tukunya ce ke da dalma ba, amma ido ba ya raba mai ita da marar ita.

To me za a yi? Ba za a ce kowa ya zubar da tukwanensa ba. Talaka ba zai iya ba, maƙeri kuma da sana'ar yake ciyar da iyali. Abin yi shi ne a san abin da ke cin jikin tukunyar, a kiyaye shi.

Na farko tsami. Tumatir, tsamiya, yakuwa, zoɓo, lemon tsami, nono da ƙullun koko duk suna cin alminiyum. Gwargwadon tsami da zafi da daɗewa, gwargwadon abin da zai fita. Ƙasar Ƙaraye ƙasar noman rani ce, musamman tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992. Lokacin da tumatir ya yi araha, mata sukan tafasa shi da yawa don ajiya, ya yi awoyi a kan wuta. Wannan aiki na tukunyar ƙasa ne ko ta silba. Haka kunun tsamiya, wanda ake dama wa mai jego da yara da masu azumi. Haka zoɓon sayarwa.

Na biyu kanwa. Duk uwargida ta ga yadda cikin tukunya ke yin baƙi idan an dafa wake da kanwa mai yawa. Kanwar ce ke cin ƙarfen. A rage ta.

Na uku kwana. Miya mai gishiri da tsami idan ta kwana a tukunyar alminiyum, duk daren nan tana jiƙa ƙarfe. Shi ya sa ake ganin ƙananan ramuka a gindin tsohuwar tukunya. A juye miyar ɗumame a kwanon silba ko tukunyar ƙasa, a rufe, da safe a tafasa ta sosai. Tuwo a kwashe shi a ƙwarya ko akushi.

Na huɗu wanki, kuma a nan mata masu tsafta suka fi yin kuskure. Wata sai ta sa yashi ko soson ƙarfe ta goge cikin tukunya har ya yi ƙyalli, don kada kishiya ko uwar miji ta ce mata ƙazama. Alhali dishi-dishin nan da ke cikin tukunyar kamar riga yake, shi ke tsakanin ƙarfe da abinci. Idan an kankare shi, an buɗe sabon ƙarfe. A wanke ciki da sabulu da soso mai laushi. Idan abinci ya kama, a jiƙa da ruwan ɗumi ya saki da kansa. Toka da yashi na bayan tukunya ne. Wanda ya shafa jiƙaƙƙiyar toka ko sabulu a bayan tukunya kafin a ɗora ta, baƙin hayaƙi ba zai ba shi wahala ba.

Idan tukunya ta huje, kada a yarda a liƙe ta da dalma ko da abin batir. Gara a mayar da ita ta dafa ruwan wanka. Maƙera kuma su ji tsoron Allah, su ware batir da lagireto da duk abin da aka yi wa liƙin dalma, kada su shiga narki. Kada kuma a yi narkin a tsakar gida inda yara ke wasa.

A wajen saye, a zaɓi mai kauri da nauyi, mai santsin ciki, wadda ba ta da ramuka ko alamar liƙi. Sabuwa a tafasa ruwa a ciki sau biyu ko uku a zubar kafin a fara girki. Wannan yana fitar da dattin maƙera, amma ba ya fitar da dalmar da ta riga ta shiga jiki.

Silba da sauransu

Tukunyar silba ta fi tsada, amma tsami ba ya cinta, ba ta tsatsa, kuma takan yi shekaru. Idan kuɗi ba su kai a sayi jeri ba, a sayi guda ɗaya matsakaiciya, a keɓe ta don miyar tumatir da kunun yara. In an rage kwanon jere biyu, kuɗinta sun fito. A zaɓi mai kaurin gindi, domin marar kauri tana ƙona abinci.

Kaskon baƙin ƙarfe na suya da tandar waina abokan gabansu ruwa ne. A wanke, a ɗora a wuta su bushe, a shafa ɗan mai. Kwano mai fenti idan cikinsa ya ɓare har baƙin ƙarfe ya fito, ya daina zama na abinci. Ƙwarya, akushi, ludayi, muciya da maburgi a wanke su a kife a rana, kada su yi fumfuna. Ƙwaryar da ta tsage a kai wa gyartai.

Akwai kuma abin da ba ya shiga madafa ko kaɗan: gwangwani ko jarkar maganin feshi, da bokitin fenti. Ko an wanke sau goma, kada a zuba musu ruwan sha, ko manja, ko nono.

Idan yaro ya cika ciwon ciki, ko kasala, ko ya yi fari, ko yana jijjiga ba zazzaɓi, a kai shi asibiti da wuri. A gaya wa ma'aikacin lafiya idan ana narka ƙarfe, ko fasa batir, ko dakan dutsen ma'adini a gidan ko a maƙwabta.

A ajin yaƙi da jahilci na wannan wata, kowace ɗaliba ta rubuta sunayen tukwanen da ke madafarta, a gaban kowace ta rubuta abin da take dafawa a ciki. Sannan ta ja layi a ƙarƙashin duk abinci mai tsami, ta kawo wa malama a duba tare.