Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi a Kan Riƙe Fushi da Tsayar da Adalci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwana ɗalibai da iyayenmu, mu a nan Sabha ba sai an fassara mana kalmar fitina ba. A watan Maris na 2012 faɗan ƙabilanci ya ci rayuka kusan 150 a garin nan. A watan Nuwamba na 2016 kuma biri ne ya fizge ɗankwalin wata 'yar makaranta, aka shiga ramuwa, ƙabilu biyu suka kwana huɗu suna musayar wuta da manyan makamai, aƙalla mutum 16 suka rasu. A tsakanin fizge ɗankwali da harbin farko akwai ɗan lokaci. Wa aka koya wa abin da zai yi a cikinsa?

Sira ta ba mu amsa. A yaƙin Banul Musɗaliƙ wani daga ɓangaren Muhajirai da wani daga ɓangaren Ansar suka yi turereniya a bakin ruwa, kowa ya ƙwala wa mutanensa kira. Manzon Allah (SAW) ya tsawata, ya bayyana cewa wannan kira na jahiliyya ne. Da magana ta ci gaba da yawo, sai ya sa aka tashi a lokacin da ba a saba tafiya ba, aka yi ta tafiya wuni da dare har rana ta yi zafi washegari. Ana sauka barci ya kwashe mutane, tsegumi ya mutu. Kun ga hikima: ya hana kiran dangi, ya kuma raba mutane da zaman da ke rura wutar.

Sai dai shiru kaɗai ba ya kashe rikici idan an danne haƙƙin wani. Tun kafin aiko Annabi (SAW), wani baƙo Bazubaide ya sayar wa As bin Wa'il kaya a Makka, As ya hana shi kuɗinsa. Wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an, suka yi rantsuwar tsaya wa duk wanda aka zalunta, ɗan gari ko baƙo, suka karɓo masa haƙƙinsa. Wannan shi ne Hilful Fudul. Annabi (SAW) ya halarta yana matashi, ya kuma yabe shi bayan zuwan Musulunci. Mu tuna da wannan idan mun ga lebura ɗan Nijar ko ɗan Najeriya ya yi aiki an hana shi lada don ba shi da dangi a gari.

A zamaninmu ma an gwada. A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun jagoranci matasan da ke gaba da juna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. A 1995 suka haɗu, suka kafa cibiyar sasanci da ke horar da matasa da malaman addini yadda ake kashe faɗa tun yana ƙarami. Abin lura shi ne kalmar horo. Sun ɗauki sulhu a matsayin aikin da ake koyo, ana maimaitawa.

To, mu fa? Alwala ai ba a barinta a littafi, sai malam ya sa ka yi ya gani. Haka ya kamata mu yi da wannan babi:

Na ɗaya, mu riƙa gwaji a aji. Biyu su yi kamar suna faɗa, na uku ya shiga tsakani, sauran su gyara masa lafazi.

Na biyu, mu saba da abin da hadisai suka koyar ga mai fushi: neman tsari daga Shaiɗan, yin shiru, zama idan yana tsaye.

Na uku, kada mu tura labarin Facebook ko WhatsApp sai mun tabbatar. Aya ta 6 a Suratul Hujurat a kan haka take.

Na huɗu, idan abokinka ne da laifi, ka faɗa masa, ko da ƙabilarku ɗaya. Aya ta 9 a surar ta haɗa sulhu da adalci wuri guda.

Na biyar, abin da ya fi ƙarfinmu mu kai shi ga malam ko dattawan unguwa tun kafin labari ya zaga.

Wani zai ce wannan tsoro ne. Wallahi tsayawa a gaban ɗan uwanka da ya fusata ka ce masa a'a ya fi bin ayari wuya. Wanda bai gwada ba a ranar lafiya, da ƙyar ya iya a ranar tashin hankali.

Allah Ya zaunar da Sabha da Fazzan da Libiya baki ɗaya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya saka wa malamanmu da alheri. Amin.