Idan Mota Tana Wahalar Tashi Da Safe

A ƙauyuka da yawa, mota ɗaya ce ke kai mai naƙuda asibiti da asuba. Idan injinta yana karkarwa da safe, musamman da hunturu, kada ku jira ranar da za ta ƙi tashi. Sanyi yakan tona laifin da ke ɓoye ne. Ku fara da abubuwa masu arha, bi da bi.

1. Batir: Idan inji yana juyawa da ƙyar, ku duba kawunan batir. Farin garin da ke taruwa a kansu yana hana wuta wucewa. Ku fara kwance wayar mai alamar (–), ku goge, ku ɗaure tamau.

2. Matatar iska: Ƙurar hunturu takan toshe ta. Ku kakkaɓe ta, ko ku sauya.

3. Fulogi: Idan ya yi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Ku goge shi, in ya cinye ku sauya.

4. Fetur: Tankin da ke kwana kusan babu mai yakan tara raɓa, ruwa kuwa yana sa inji shaƙewa.

Kada ku murɗa makulli fiye da daƙiƙa 10 a lokaci ɗaya. Idan farin hayaki bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwan lagireto kuma yana raguwa, sai wurin bakanike.

Don tattaunawa: Wa ke duba motar garinku kowane mako? Ina ake samun kuɗin gyara?