Hunhunar da ke zaune cikin tsiro

Kowa ya san hunhuna. Ita ce ke fitowa bisa tuwon da ya kwana biyu. Amma akwai danginta masu yawa da ido ba ya gani. Suna zaune cikin ganye, cikin kara, cikin saiwa. Sai da madubin likita ake ganin su, kamar zare siriri. Masana sun same su cikin kusan kowane tsiro da suka bincika.

Wasunsu abokan manomi ne. Wani iri yana shiga saiwar hatsi, dawa da wake. Zarensa yana bazuwa cikin ƙasa, inda saiwa ba ta kai. Yana jawo wa tsiro fosfat, abincin da ƙasar gonakin Nijar ta yi ƙarancinsa. Tsiro kuma yana ba shi sukari. Masu bincike sun ga yana saurin kama saiwar hatsi a gonar da aka yi wake bara.

A Amurka, akwai wata ciyawa mai fitowa kusa da maɓuɓɓugar ruwan zafi. A 2002 aka gwada ta. Mai hunhuna a jiki ta jure zafin ƙasa har digiri 65. Wadda ba ta da ita ta mutu. A 1993 kuma, wasu masana sun ce sun samu wani iri cikin ɓawon icce, yana yin ɗan maganin ciwon daji.

Amma ba dukansu ne na kirki ba. A 1977, a Amurka, aka gano hunhunar da ke cikin wata ciyawar kiwo. Tana kare ciyawar daga ƙwari, amma shanun da suka ci suna ramewa. Wani iri kuma yana shiga gujiya tun tana ƙasa, musamman in fari ya same ta. Yana barin dafi mai lalata hanta. Dahuwa ba ta kashe wannan dafi.

Abin da ya kamata manomi ya riƙe:
1. Ya riƙa sauya shuka: bana wake, baɗi hatsi.
2. Ya shanya gujiya ta bushe sarai kafin ajiya.
3. Ya tsince ƙwayar da ta yi hunhuna. Kada yara ko bisashe su ci ta.

Tambayoyi don tattaunawa a aji:
Mene ne hunhunar saiwa ke ba hatsi?
Don me ake tsince gujiya?