Agwagwa Mai Haki da 'Yan Tsaki Masu Hangame Baki: Shawarwari ga Masu Kiwo

Da damina ta kankama a ƙasar Dambatta, Makoɗa da Minjibir, kududdufai kan cika, agwagin gida su haɗu da na daji irin su kirinjijiya da dinya a ruwa ɗaya. A nan ake ɗauko wata tsutsa mai faɗi, dangin wadda mahauta ke gani a hantar shanu, sai dai ita a maƙogwaro take zama, tana sa agwagwa haki.

1. Ku san hanyarta. Ƙwanta yana fita ta kashin tsuntsu, ya faɗa ruwa, ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta shiga jikin ƙananan dodon koɗi. Agwagwa ta haɗiye dodon koɗin, tsutsar ta samu gida. Ba ta tsallakawa daga agwagwa zuwa agwagwa kai tsaye, shi ya sa tsare bakin ruwa ya fi komai.

2. Ku hana 'ya'yan agwagwa zuwa kududdufi har su yi ƙwari. Kasko da ruwan rijiya a tsakar gida ya ishe su, a riƙa sauyawa kullum.

3. Kaji da zabi tasu tsutsar daban ce: jar tsutsa siririya, mace da namiji manne da juna, wadda tana ke ɗauke da ita. Za ku ga ɗan tsako ya miƙe wuya, ya hangame baki, yana kaɗa kai, ba ya cin tsaba. 'Yan zabi na shan wuyarta sosai. A share akurki, a kai kashin gona, a bar wurin kwanansu a bushe.

4. Kada a zura gashin kaza a maƙogwaro don a zaƙulo ta, ɗan tsakon zai iya shaƙewa. Ja-da-yalo da barkono a ruwa ba sa kashe tsutsa, asarar kuɗi ce kawai. A je wa malamin dabbobi, domin maganin faffaɗar daban yake da na jar.

5. Wannan maganar ta fi damuna. Haki ba kullum tsutsa ba ne. Tsutsa a hankali take ramar da tsuntsu, amma idan kaji suka fara zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, a tuna da murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Kaduna da Kano a 2006. Kada a yanka, kada a kai kasuwa, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.

6. Saboda murar nan, yara masu danƙo su daina ɗauko mushen tsuntsu daga bakin dam ɗin Tomas ko na Jakara. Wanda aka tsinta kusa da gida, babba ya sa leda a hannu ya binne shi da zurfi, inda kare ba zai tono ba.