Yadda Ake Aiki da Ruwan Batir Ba Tare da An Ƙone Ba

A da, masu cajin batir da makanikai kaɗai ke hulɗa da ruwan batir. Yanzu da sola da inbata suka shiga gidaje da shaguna, ga manyan batura nan a lungun ɗaki, inda yara ke kai da kawowa. Abin da ke cikin batura masu ruwa shi ne salfurik asid, wanda masana'antu ke amfani da shi wajen haɗa takin zamani da tace man fetur. Na cikin batir sirkakke ne, kusan kashi ɗaya cikin uku asid, sauran ruwa. Tsantsarsa kuwa, mai ƙarfin kashi 98 cikin 100, kauri gare shi kamar mai, yana zuƙe ruwan duk abin da ya taɓa har ya mai da tsumma ko katako baƙi ƙirin. Haka yake yi wa fata. Sirkakken ma, in ya faɗa ido, yana iya makantarwa.

1. Tanadi ruwa tukuna

Kafin ka taɓa murfin jarka ko na batir, ajiye babban bokiti cike da ruwa mai tsabta da buta inda hannunka zai kai ko da idonka a rufe. Wanda asid ya fantsama masa ba shi da lokacin zuwa rijiya. Buɗe ƙofa da tagogi, a kuma fitar da yara.

2. Rufe jikinka

Sa safar hannu ta roba mai kauri, da tabarau mai rufe ido ta kowane gefe, da takalmin roba mai rufe ƙafa. Silifas da tabarau na ado ba sa tsare komai. Cire zobe da agogon ƙarfe, don in suka haɗa kawunan batir sukan yi zafin da zai ƙona yatsa. Wanda ya daɗe a sana'ar ya fi kowa buƙatar wannan tuni, domin sabo turken wawa ne.

3. Asid ake zubawa cikin ruwa

Idan sirkawa za ka yi, fara zuba ruwa a mazubin roba mai kauri, sannan ka riƙa tsiyaya asid kaɗan-kaɗan kana motsawa da sandar roba. Haɗuwarsu na haifar da zafi sosai. In ka juya tsarin, ka zuba ruwa a kan tsantsar asid, ɗan ruwan nan zai tafasa nan take ya yi tsalle zuwa fuskarka. Kada ka zuƙo asid da baki ta tiyo yadda ake zuƙo fetur. Yi amfani da mazurarin roba.

4. Lokacin caji

Batir da ke caji yana fitar da iskar haidurojin, ba a ganinta, ba a jin warinta, amma tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa batirin ya watsa asid. Ba sigari, ba ashana, ba walda a kusa. Kashe na'urar caji kafin ka cire wayoyi. Idan ruwan ya ragu, tataccen ruwan da ake sayarwa don batir za ka ƙara zuwa layin da aka nuna, ba asid ba, domin ruwa ne ke raguwa. Ruwan rijiya ko na famfo yana rage wa batir kwana.

5. Ajiya

Bar asid a jarkarsa ta roba, murfi a ɗaure, da rubutu da alamar haɗari, a ƙasa, a inuwa, a wurin da ake kullewa. Kada a taɓa juye shi a gorar ruwa ko kwalbar lemo. Kamar ruwa yake a ido, yaro mai ƙishirwa ba zai bambance ba. Nisanta shi da ruwan bilic irin su Hypo, don haɗuwarsu na tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi.

6. In ya zube a ƙasa

Kewaye shi da busasshen yashi, ka barbaɗa garin kanwa daga gefe zuwa tsakiya. Zai yi kumfa. Ci gaba har kumfar ta tsaya, ka kwashe da abin roba, sannan ka wanke wurin.

7. In ya taɓa mutum

Fata: cire rigar da ta jiƙe, in ta kama a yanka ta da almakashi kada a bi da ita ta fuska. A yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20 ba tsayawa. Ban da makilin, ban da manja, ƙwai ko baƙin mai. Kanwar ma ta ƙasa ce, ba ta jiki ba. A rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti.

Ido: a buɗe fatar idon da yatsu, a karkatar da kai yadda ruwan ba zai gangara ɗaya idon ba, a zuba na minti 20 ko fiye. Kada a murza. Ko zafin ya lafa, sai likita ya duba.

Haɗiya: kada a sa shi amai, don asid zai sake ƙona maƙogwaro a hanyar fitowa. Ya kurkure baki, kada a ɗura masa manja ko jiƙon kanwa, a garzaya asibiti a faɗa musu ainihin abin da ya sha. Ƙunar ciki na iya tsuke maƙogwaro bayan makonni, don haka a koma duk ranar da likita ya sa.

Shaƙa: a fitar da shi waje ya sha iska. In tari ko sarƙewar numfashi ta ci gaba, asibiti.

Tsohon batir ma bai mutu ba, akwai asid da dalma a cikinsa. Kada a fasa shi a tsakar gida, kada a tuttular da ruwansa a kwata ko kusa da rijiya. A mayar wa masu karɓarsa yadda yake.

Maigidan shago kuma, yaran da iyayensu suka kawo maka koyon sana'a amana ne. Ran da yaro ya fara zuwa, kafin ka nuna masa kan batir, nuna masa inda bokitin ruwa yake.