Dashen Itace A Cikin Gida Da Hukunce-hukuncensa

Darasin wannan mako ya shafi itatuwa da tsirran da ake dasawa a tsakar gida da cikin lambu. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim, daga Anas ɗan Malik, cewa Musulmin da ya yi dashe ko shuka yana samun ladan sadaka a kan duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi. Sai mai karatu ya lura da inda aka rataya wannan lada, watau ga cin amfanin abin da aka dasa. Dashen da ya bushe tun bazarar farko, mai shi yana da ladan niyyarsa, amma sadakar ta yanke tun ba ta soma ba.

Wannan magana ta fi nauyi a wuri irin ƙasar Gumel, watau Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari, wadda take bakin iyakar Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce ta rairayi, ruwa ba ya daɗewa a cikinta, damina kuwa ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A irin wannan wuri, wanda ya zaɓi itace don sha'awar ido kawai ya ɗora wa kansa aikin jan ruwa wanda ba zai iya jurewa ba. Mangwaro da gwaiba da gwanda suna son ruwa ƙwarai, sai mai rijiya ko famfo a kusa. Darbejiya, wadda asalinta daga ƙasar Indiya aka kawo ta, tana jure fari in ta kama ƙasa, haka nan magarya da kurna da lalle. Zogale kuwa shi ne abokin talaka, gama ko da iri ko da reshe yana kamawa, cikin 'yan watanni uwargida ta fara tsinkar ganye.

Neman sani a wurin masu sana'ar ba ƙasƙanci ba ne ga malami, balle ga wanda ba malami ba. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya iske mutanen Madina suna yi wa dabino barbara, ya yi wata magana wadda ta sa suka bari, a shekarar nan dabinon bai yi kyau ba. Da suka gaya masa, sai ya mai da al'amarin gare su, domin su suka fi sanin sha'anin nomansu. Har yau darasin dabinon nan yana nan. Dabino akwai namiji akwai mace, wanda aka shuka da ƙwallo kuwa ba a sanin ko wanne ne sai ya yi fure bayan shekaru. Mai son tabbas sai ya nemi ɗan da ya tsiro a gindin uwa wadda aka san 'ya'yanta.

Magarya tana da matsayi na dabam, domin sunna ce a yi wa mamaci wanka da ruwa da ganyenta, a sa kafur a wankin ƙarshe, kamar yadda Annabi ya umurci matan da suka wanke 'yarsa. Saboda haka ya kamata a san ta da kyau. Ganyen magarya in aka juya bayansa fari-fari ne, da laushi kamar gashi. Na kurna kore ne ciki da baya, sumul, itacen kuma ya fi girma da inuwa. Dangin juna ne, sunan nan na Larabci, sidir, ya haɗa su, ganyensu kuma in an daka an dama yakan yi kumfa. Unguwar da take da guda a cikin wani gida ba ta yawon neman ganye ranar rasuwa.

Akwai kuma tsirran da wajibi ne maigida ya san sharrinsu kafin ya bar su kusa da yara. Bini-da-zugu ana yin shinge da shi don awaki ba su cinsa, amma 'ya'yansa suna da ɗanɗano kamar gyaɗa, yaron da ya ci kuwa sai amai da zawo mai tsanani. Ƙariya, mai kumburarren gindi da jan fure, wadda masu sha'awar furanni suke sawa a tukwane, ruwanta dafi ne. Ruwan tumfafiya yana cutar ido. Zaƙami ya fi su duka muni, gama yana gusar da hankali, wani lokaci har ya kashe. Abin da yake sa maye kuwa hukuncinsa sananne ne. In ya tsiro a bayan gida, a tumɓuke shi tun bai yi 'ya'ya ba.

Sa'an nan ga hakkin maƙwabci, wanda shi ne aka fi sakaci da shi. Darbejiyar da take ɗan tsiro yau, nan da shekara goma saiwarta tana iya tsaga katanga, ko ta shiga rijiya ko masai. Malaman Malikiyya ba su bar wannan ba. Ibn Asim ya keɓe fasali cikin Tuhfa a kan cutar itatuwa, abin da aka fahimta kuwa shi ne, in katanga ce ta riga, aka dasa itace daga baya har ya cuce ta, to, a sare abin da yake cutarwar. In itacen ne ya riga, nan malamai sun yi saɓani. Sau da yawa zumuncin shekara talatin yakan lalace a kan reshe guda, alhali da an matsar da ramin taku goma tun ranar dashe, da ba a je gaban alƙali ba. Manyan itatuwa wurinsu ƙofar gida ne ko tsakiyar fili. Jikin katanga sai lalle da zogale.

Lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta zauna, wajen watan Yuli, don saiwa ta nutsa kafin ruwa ya ɗauke. A haƙa rami kamu guda zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar da taki wanda ya ruɓe sarai, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A cire ledar da dashen ya zo a ciki, a bar ƙasar jikinsa. A yi masa gurbi kewaye don ruwa ya tsaya, a rufe da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa gindin. Sai shinge. A ƙasar da ta yi suna da kasuwar dabbobi irin ta Maigatari, inda ake sakin awaki da zarar an gama kaka, dashen da ba shi da ƙaya ko kwando ko bulo kewaye da shi abincin akuya ne kawai.

Ban ruwa da asuba ko da yamma ya fi, a zuba ya ratsa sosai, maimakon yayyafi kullum wanda yake sa saiwa ta tsaya a sama. Wata dabara ita ce a binne sabon tulu na ƙasa kusa da dashen, a cika shi, a rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsatsowa a hankali har kwanaki. Tsirran tukunya, irin su ɗaɗɗoya da na'ana'a, sai a huda gindin tukunyar, gama yawan ruwa yana ruɓar da su, ruwan da ya kwanta kuma gidan sauro ne.

Ruwan alwala mai tsarki ne, babu laifi a shayar da itace da shi. Gidan da mutum goma suke alwala sau biyar a yini, in aka mai da wurin alwalar gindin dashe, to, an sami abin da zai raya shi har ya ƙetare bazara ba tare da an jawo guga na musamman ba. Ruwan wanki mai sabulu da yawa ne ba a so ga ƙananan tsirrai. In itacen ya girma har jama'a suka soma zama a gindinsa, sai a hana yara da manya yin bawali ko bayan gida a wurin, domin Annabi ya lissafa ɓata inuwar da mutane suke hutawa cikin abubuwan da suke jawo wa mutum la'ana.